Bashin Yaƙin Burma

Ku sani, ya malamai da fatake, da yaƙin Hitila ya tashi a 1939, sarakunan Arewa sun taimaki Ingila da dukiya da samari. Mawaƙa na yi wa Hitila zambo, suna yi wa soja kirari. Daga 1943 aka kwashi 'ya'yan talakawa zuwa Burma, suka gwabza da Japan cikin kurmi.

Da yaƙi ya ƙare a 1945, sai zukata suka juya. Soja ya ga Bature yana jin yunwa da tsoro, yana mutuwa kamar kowa. Ya komo gida, ga rashin aiki, ga tufafi sun yi tsada a kanti. Talaka ya shiga tambaya: 'yancin da aka ce dominsa aka yi yaƙi, ina rabonsa? A 1950 aka kafa NEPU a Kano, a 1960 Turawa suka miƙa mulki.

To, duk mai mulkin da ya karɓi jinin talaka bisa alkawari, bashi ya ci, ranar biya kuwa tana tafe. Allah Ya ba shugabanni ikon cika alkawari, amin.