Me ɗalibin shari'a yake koyowa a jami'a?

Ɗan Gidan Sori da ya samu bak, in yana son karatun shari'a, yakan nufi Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ko ta Tawa. Shekara uku ne kafin lisansi. Da farko ana koya masa tsarin mulki da dokar zaman jama'a, wadda tushenta kundin Faransa ne na 1804. Sai dokar laifuffuka, da dokar aikin gwamnati.

Ƴan kasuwa, ku saurara: dokar OHADA da ƙasashen Afirka suka rattaba wa hannu a 1993 tana cikin karatun. Ita ce ke tsara rajistar kasuwanci da hanyar karɓo bashi daga mai taurin kai.

Amma shari'ar da ta fi damun talakan karkara ta gona ce da gado da aure. A nan al'ada ke aiki: maigari da sarki su fara sulhu, in abin ya gagara, alƙali ya zauna da masana al'ada. Mutanen Gidan Rumji ba su manta da Toda ba, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100 a 1991. A 1993 aka fitar da dokar karkara, aka kafa kwamitocin filaye. Ɗalibin da ya haddace kundin Faransa, bai san iyakar burtali ba, yaya zai raba gardamar gona?

A 2025 aka ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Littattafan shari'ar kuwa da Faransanci aka rubuta su, mai ƙara kuma da Hausa yake kuka.