Takalmin Cinderella Ba Zai Kai 'Yar Gagarawa Makaranta Ba

Wani marubuci ya ce a bar 'yan mata su yi koyi da gimbiyoyin katun na Disney, wai suna koyar da haƙuri, kirki da dogon buri. Haƙuri kam akwai shi. Amma wane buri?

Snow White ta 1937 ta ci tuffa ta sume, sai da yarima ya zo ta farfaɗo. Cinderella ta 1950 takalmi ne ya raba ta da bautar kishiyar uwa. Aurora ta 1959 barci ta yi har aka cece ta. Me yarinyar Gagarawa mai tallan kantun riɗi za ta koya a nan, in ba jiran miji mai kuɗi ba?

Marubucin zai ce ai akwai Mulan ta 1998, wadda ta tafi yaƙi a madadin mahaifinta. Gaskiya ne. To ina Amina ta Zazzau? Ina Nana Asma'u, 'yar Shehu Ɗanfodiyo, da ta kafa 'Yan Taru, tana tura jaji ƙauye-ƙauye don karantar da mata? Wace gimbiyar katun ce ta koya wa mace ko da harafi ɗaya?

Yara su kalli katun don nishaɗi. Abin koyi kuwa a nemo shi a gida, domin zanen aro ba ya rufe katara.