DA WANE MUDU ZA A AUNA FIRAMAREN UNGUWA?

A filinmu na wannan mako za mu tattauna ne a kan makarantar firamare ta gwamnati, watau wadda ke bayan kasuwa ko kusa da gidan mai unguwa, wadda 'ya'yan lebura da na ɗan dako da na masinja suke zuwa. Tambayarmu ɗaya ce: idan aka ce makarantar nan tana da kyau, ko kuwa aka ce ta lalace, da wane mudu aka auna? Ɗan kasuwa ba ya karɓar buhun hatsi domin kyan ɗinkin bakinsa, sai ya huda ya ga ƙwaya. Ma'aikacin baitulmali kuwa ba ya sa hannu a takardar biya sai ya ga shaidar an yi aikin. Amma da zarar an zo kan makaranta, sai mu wadatu da sabon fenti da doguwar katanga da yawan sunaye a rajista, mu yi ta yi wa rogo kallon kitse.

Kafin mu kai ga mudun, ya kamata mu waiwayi baya kaɗan, domin a san inda aka fito. Tun lokacin da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a shekarar 1909, har zuwa zamanin elementare ta En'e, makarantun boko a Arewa ba su da yawa, kuma yaran da ke cikinsu 'yan ƙalilan ne. Dattawa suna yaba karatun wancan zamani, kuma suna da gaskiya, amma fa kada a manta galibin yara ba su taɓa taka ƙofar aji ba. A watan Satumba na 1976 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda aka sani da U.P.E. An yi tanadin yara kimanin miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai ga fiye da miliyan 3 sun hallara. Buɗe ƙofar nan alheri ne babba, sai dai yara sun fi ƙarfin malamai da azuzuwa, har aka koma horar da malamai cikin gaggawa, aka kuma kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a wannan shekarar. Da kuɗin man fetur suka ja baya a farkon shekarun 1980, sai malamai suka shiga yin watanni ba albashi, masu ƙwazo da yawa suka bar alli suka nemi wata sana'a.

A shekarar 1999 aka sake ɗaura ɗamara, aka ƙaddamar da shirin U.B.E. a Sakkwato, sa'an nan dokar 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta, ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin taimaka wa jihohi, bisa sharaɗin kowace jiha ta kawo daidai abin da za a ba ta. Jihar Kano ta shelanta ilmi kyauta kuma dole a 2019, ta kuma kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi a 2024. Ke nan ba shela muka rasa ba, ba kuma doka ba.

To, mene ne sakamakon? Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a shekarar 2021 ya nuna cewa cikin yaran Nijeriya 'yan shekara 7 zuwa 14, kimanin ɗaya ne kawai cikin huɗu ke iya karanta ɗan gajeren labari ya fahimta, haka nan kuma abin yake wajen lissafi mai sauƙi. Lissafin nan ya haɗa har da yaran da ke zuwa makaranta kullum da jaka a baya. Watau akwai yaro da zai shekara shida yana zama a aji, a ba shi takardar shaidar gamawa, alhali kuwa ba zai iya karanta sunan maganin da aka rubuta wa mahaifiyarsa a asibiti ba.

Saboda haka mudun da muke ganin ya dace shi ne wannan: yaron da ya gama aji uku, ya iya karatu da fahimta? Ya iya rubuta abin da aka shifta masa? Ya iya tarawa da ɗebewa? In ya iya, makarantar tana aikinta ko da rufinta na yoyo. In bai iya ba, ba ta aikinta ko da an kewaye ta da bene. Dalili kuwa shi ne, a shekarun farko yaro yana koyon karatu ne, daga aji huɗu kuwa da karatun nan zai koyi tarihi da kimiyya da sauran fannoni. Wanda ya wuce wannan gaɓa bai iya ba, duk abin da aka ɗora masa daga baya gini ne a kan yashi. Shi ne za ka ga ya isa babbar sakandare yana neman wanda zai rubuta masa jarrabawa, uba kuwa yana biyan kuɗin satar amsa, yana zaton taimakon ɗansa yake yi.

A nan akwai darasi a makarantar allo, duk da irin nata matsalolin da ba mu ɓoye su ba. Ƙa'idarta ita ce almajiri ba ya wanke allonsa sai ya biya karatunsa a gaban malam an ji ya zauna, sa'an nan a yi masa ƙari. Kowane yaro da inda ya tsaya, malam kuma ya san wurin. Babu mai cewa tun da shekara ta zagayo, a ciyar da kowa gaba. Amma a firamarenmu ta yau, shekara ce ke ciyar da yaro aji na gaba, ko ya iya ko bai iya ba, domin ana bukatar bencinsa ga masu tasowa. Ba muna kira a riƙa tsare yara a aji ɗaya har su gaji su gudu ba ne. Abin da muke cewa shi ne a san matsayin kowane yaro, a ware waɗanda ba su iya harafi ba a ba su sa'a guda kullum a kan harafi, har su cim ma 'yan'uwansu.

Wa ke da alhakin wannan hali? Mutane sukan yi saurin nuna malami da yatsa, kuma lalle yana da nasa kaso. A shekarar 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyi irin na 'yan aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 da aka gindaya ba, aka sallame su, ƙungiyar malamai ta tafi yajin aiki. An yi ta jayayya a kan adalcin jarrabawar, amma babu mai musun cewa wanda bai mallaki abu ba ba ya iya bayar da shi. Malamin da ya iya kuma, ya sani tsakaninsa da hukuma ƙulla ijara aka yi: an sayi lokacinsa daga safe zuwa tashi. Wanda ya sa hannu a rajista da ƙarfe takwas, ya sulale zuwa shagonsa ko acaɓarsa da ƙarfe goma, to, ya binciki halaccin abin da yake kai wa iyalinsa a ƙarshen wata. Amanar yara ta fi amanar kuɗi nauyi, domin kuɗi in sun salwanta ana biya, shekarun ƙuruciya kuwa ba a mai da su.

Amma fa idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Waɗancan dubban malamai ba su ɗauki kansu aiki ba. Akwai wanda ya sa hannu a takardar ɗaukarsu, akwai kwalejin da ta ba su shaidar N.C.E., wadda ita ce mafi ƙarancin abin da ake nema ga malamin firamare, akwai kuma ɗan siyasar da ya mai da gurbin koyarwa tukuicin yaransa. A shekarar 2022 jihar ta Kaduna ta sake sallamar malamai 2,357, wasu don sun faɗi wata jarrabawar, wasu don sun ƙi zamanta. Wannan ya nuna kora kaɗai ba ta isa magani ba, sai an gyara ƙofar shiga da kwalejin horarwa. Sa'an nan Shari'ar da ta hana ma'aikaci ha'inci, ita ce ta hana jinkirta masa ladarsa. Hukumar da ke riƙe albashin malami, ko ta danne masa ƙarin girma shekara da shekaru, ba ta da bakin yi masa wa'azin amana.

Haka nan a dubi yawan yara. Manufar ilmi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35, alhali a manyan garuruwanmu akwai azuzuwan da yara suka haura 100, da yawansu a ƙasa suke zaune. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: in darasi minti 35 ne, yara kuma 100, ko minti ɗaya aka ba kowane yaro ya karanta, sai an cinye darasi uku kafin a zagaya, ba a koyar da kome sabo ba. Duk ƙwarewar malami, abin da zai iya a irin wannan aji shi ne ya faɗa su amsa da ƙarfi. Mai wucewa ta bakin taga sai ya ji amo ya ce ana karatu, nan kuwa hadda ce ba tare da sanin harafi ba. Duk da haka, an sha shekaru ana samun biliyoyin Naira kwance a asusun hukumar U.B.E. ta tarayya domin wasu jihohi ba su kawo nasu kason ba.

Akwai kuma maganar harshe. Manufar ilmi ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta ce a yi haka har shekara shida, a ƙarshen 2025 kuma Ministan Ilmi ya sanar da komawa ga Turanci. Ko yaya hukuma ta tsaya, abin da aka gwada an gwada. A shirin da Farfesa Babatunde Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, yaran da aka koyar da Yarabanci ba su gaza takwarorinsu ba, har ma a Turancin. Rubutun Hausa na boko kuwa yana da sauƙi, kusan kowane harafi da sautinsa. Yaron da ya iya haɗa baƙi da wasali a harshen da yake ji, ya riƙe mabuɗin, Turanci sai ya zo masa da sauƙi.

Yanzu sai mu juyo kanmu, mu masu ɗan hali. Yawancin 'yan kasuwa da manyan ma'aikata a makarantar gwamnati suka yi karatu, amma yau sun kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi. Ba mu ga laifin uban da ya nema wa ɗansa abin da ya fi ba. Illar ita ce, da masu murya suka fice, sai makarantar ta zama marainiya, ba mai tambayar hedimasta, ba mai buga ƙofar sakataren ilmi na ƙaramar hukuma. Alhali kuwa daga wannan makarantar ne yaron shagonka zai fito, da direbanka, da ma'aikaciyar jinyar da za ta karanta adadin allurar da za a yi maka. Malamanmu sun lissafta sana'o'i da ilmomin da al'umma ba ta wadatuwa da barinsu cikin farillan kifaya, watau in aka rasa masu tsayuwa da su, laifin ya hau kan kowa. Likita da injiniya da akawu kuwa duk daga aji ɗaya suke farawa.

Abin da muke roƙo ba mai wuya ba ne. Na farko, kowane uba ko mariƙi ya zaunar da yaronsa na aji uku ko huɗu a daren yau, ya ba shi layi huɗu na Hausa mai sauƙi ya karanta, sa'an nan ya tambaye shi abin da ya fahimta. Ya ce masa an sayi kayan Naira 650 an ba da Naira 1,000, nawa ne canji? Ya buɗe littafinsa ya duba yaushe rabon jan biron malami ya taɓa shi. In ya ga gaza, kada ya ɗauki bulala, domin galibi ba laifin yaron ba ne. Na biyu, dattawan unguwa su raya kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai, su riƙa leƙawa da safe da kuma dab da tashi, cikin ladabi, su ga malamai nawa ke aji. Na uku, attajirin da ke da niyyar sadaka mai gudana ya sani littattafan karatu na 'yan aji ɗaya, da benci, da ɗaukar nauyin ƙarin malami, duk suna cikinta. Na huɗu, ma'aikacin da fayil ɗin albashi ko ɗaukar malamai ya biyo ta teburinsa, ya tuna akwai yara ɗari a bayan kowace takarda.

A ƙarshe, muna kira ga hukumomin ilmi na jihohi, a duk ƙarshen shekara su gaya wa jama'a yara nawa ne cikin 'yan aji uku na kowace makaranta suka iya karatu, kamar yadda suke gaya mana yawan azuzuwan da suka gina. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba shugabanninmu da malamanmu ikon riƙe amana. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.