Saniya Na Da Ciki Ko Babu? Mu Daina Canke

Ranar da muka je kwata firaktikal na ga abin da har yau yake damu na. Mahauci ya farke cikin wata farar saniya, sai ga ɗan tayi, har ƙafafunsa sun fito. Mai ita ya kai ta kara ne don yana zaton juya ce. Ya yi asarar maraƙi, ya yi asarar nonon da zai biyo baya.

Jama'a, wannan asara tana da magani, kuma a hannunmu yake, mu ɗaliban sashen kiwo da lafiyar dabbobi. Saniya tana ɗaukar ciki kimanin kwana 283. In ana so ta haihu duk shekara, sai ta sake ɗauka cikin kwana 82 bayan haihuwa. Duk kwana 21 take neman bijimi, duk zagayen da ya wuce ba ciki kuwa, an ci dusa da harawar mako uku a banza. Amma makiyayi yakan jira ne sai ciki ya turo, watanni sun riga sun tafi.

Alhali na'urar sikanin tana nuna tayi tun wajen kwana 30. Gwajin jini ma haka. Ƙwararre kuma doguwar safar hannu ta ishe shi, ya laluba ta dubura ya gane daga wajen kwana 40. In babu ciki a sake barbara da wuri, in akwai a hana sayarwa.

To, mu nawa ne a ajinmu muka taɓa sa hannu? Mun haddace a handawut, mun juye a jarabawa, shi ke nan. Wasu ma ƙyama suke yi, wai da diflomarsu za su taɓa kashin shanu? Malam, a nan abincinka yake. Mai gonar madara ba zai tambaye ka makinka ba, saniya zai nuna maka.

Gaskiya ne, hannun ɗan koyo yana iya zubar da ciki. Shi ya sa nake roƙon ƙungiyarmu ta kai wa hukumar makaranta buƙata biyu: a riƙa kawo mahaifar shanu daga kwata mu saba da ita a gaban malami, sannan a kai mu cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, Zariya, mu ga yadda ake yi. Gani ya kori ji.