Yuriya ba maganin hunturu ba ce, manoman rani a Buji su kula

Daga Disamba zuwa Janairu, duk mai renon irin tumatir, tattasai ko attarugu a Gantsa da ƙauyukan Buji ya san abin da sanyin dare ke yi wa dashe. Irin ya tsaya cak ba girma, ganye ya kwanta, wani lokaci ƙasan ganyen tumatir ya koma shuni-shuni. Da yawa daga cikinmu sai mu garzaya kasuwa mu auno yuriya. A ganina, a nan ake asarar kuɗi da iri gaba ɗaya.

Yuriya sinadarin naitirojin kaɗai ke cikinta. Tana sa tsiro ya yi kore shar, amma jikinsa ya yi laushi, kuma irin wannan tsiro shi sanyi da cuta suka fi kayarwa. Wancan launin shuni kuwa, galibi alama ce ta ƙarancin fosforas, domin idan ƙasa ta yi sanyi saiwa ba ta iya zuƙo shi yadda ya kamata. Fotasiyam shi ke taimaka wa ganye riƙe ruwa da jure iska mai bushewa, kalsiyam kuma ya ƙarfafa jikin tsiro.

Saboda haka aikin tun wajen gyaran gadon iri yake farawa. A cakuɗa ruɓaɓɓen takin gida da ɗan sufa ko kamfa 15-15-15 kafin a yafa iri. Kamfa 20-10-10 naitirojin ɗinsa ya ninka sauran biyun, don haka a yi hattara da shi. Tokar murhu ma tana da fotasiyam da kalsiyam, amma a barbaɗa kaɗan, kuma kada a haɗa ta da yuriya, domin naitirojin ɗin zai bi iska.

Wani zai ce taki ai ba bargo ba ne. Gaskiya ne. Dole a kafa zana ta ɓangaren da iskar hunturu ke bugowa, a rufe gado da ciyawa, a yi ban ruwa da hantsi maimakon almuru. Taki yana ƙara wa tsiro juriya ne kawai, bai hana sanyi zuwa.

Hukumar JARDA na da malaman gona, Jami'ar Tarayya ta Dutse na da tsangayar aikin gona. Me zai hana su kafa gadajen gwaji a Buji tun watan Oktoba, manomi ya gani da idonsa? Gwamnatin Jigawa kuma, in za ta raba takin noman rani, ta kawo shi kafin a yafa iri, kuma kada yuriya ta rinjayi rabon.

Irin tumatir na zamani ya yi tsada a yanzu. Wanda gadon irinsa ya lalace a Disamba sai ya sake sayen iri, dashensa ya makara, tumatirinsa ya tarar da zafin bazara kafin ya gama fure.