Raddi Ga Masu Cewa Paparoma Ya Tuɓe Waliyyai

Magana ce da ta daɗe tana yawo, wai a 1969 Paparoma Paul na VI ya tuɓe wa Kiristofa da Balantin rawanin walittaka. A kanta ne masu da'awar suka gina hukuncinsu: wanda ya naɗa shi ke tuɓewa, don haka walittaka a Cocin Katolika sarauta ce kamar kowace.

Suka ce an cire sunayen. To, daga ina? Daga kalandar ibada ta gama-gari, wadda ke tsara wa Katolika masu bin tsarin ibadar Roma a duk duniya wanda za a tuna a kowace rana. Kwanakin shekara 365 ne, waliyyai kuwa dubbai, kuma akasarin waɗanda suka cika kalandar 'yan Turai ne. Aka rage cunkoso, aka bar wa kowane yanki ya tuna nasa. Kiristofa da Balantin suna nan a kundin shahidai da waliyyai na Roma har yau. Katarina ta Iskandariya ma, da aka cire a 1969, Paparoma John Paul na II ya mayar da ita a 2002 ba tare da wani sabon naɗi ba.

Suka ce Paparoma ya warware hukuncin magabatansa. Wane hukunci? Ayyana waliyyi na farko da tarihi ya tabbatar daga bakin Paparoma shi ne na Ulrich na Augsburg a 993, kuma sai a 1234 dokar coci ta keɓe wa Paparoma wannan iko. Su Kiristofa sun riga wannan tsari da ɗaruruwan shekaru. Jama'a ce ta girmama su, bishop-bishop suka amince.

Hujjar masu da'awar mafi ƙarfi ita ce Simon na Trento, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Yaro ne da ya mutu a 1475, aka yi wa Yahudawan garin ƙazafin kashe shi, aka azabtar da su, aka kashe wasunsu. A 1965 coci ta soke girmama shi a matsayin shahidi. Daidai ta yi, sai dai ta makara da kusan shekara 500, kuma wannan abin kunya ne. Amma izinin girmamawa aka janye, domin an gina shi a kan ƙarya. Ba a taɓa ayyana Simon waliyyi ta cikakken tsari ba. Cikin waɗanda aka ayyana ta wannan tsari, masu da'awar su kawo mana sunan mutum ɗaya da aka tuɓe.