Azzalumai Biyu, Mai Silima Ɗaya

'Yan'uwa ɗalibai, masu ba da labarin Shin Sang-ok sukan la'anci Koriya ta Arewa su yi shiru game da ta Kudu. Mu ba mu yarda da rabin gaskiya ba.

Shin ya yi suna tun 1958 da fim ɗinsa "Fure a Cikin Jahannama", kamfaninsa kuma ya zama jigon silima a Kudu. Wa ya fara karya shi? Gwamnatin Janar Park Chung-hee ce ta ƙwace masa lasisi a 1975, don bai bi umarnin masu tace finafinai ba.

A 1978 'yan barandan Kim Jong-il suka sace tsohuwar matarsa, 'yar wasa Choi Eun-hee, a Hong Kong, sannan suka sace shi. Ya sha ɗauri har 1983, sa'an nan aka fito da shi aka danƙa masa kuɗi da kayan aiki. A 1985 ya yi "Pulgasari", labarin dodo mai cin ƙarfe wanda ya taimaki talakawa suka tumɓuke sarki, daga baya ya koma cinye fartanyunsu. A 1986 su biyun suka tsere zuwa ofishin jakadancin Amurka a Vienna.

Park ya toshe masa baki, Kim ya sa shi roƙo dole. Ɗaurin Kim ya fi muni, amma nufinsu ɗaya ne: mai fasaha ya zama bawan fada. Duk wanda ya tsine wa ɗaya ya wanke ɗaya, ubangida kawai yake zaɓa. Mu mun ƙi su duka.